Kayan Tarihin Nok da Ɓarnar Masu Haƙar Ɓoye

A cikin shekarar 1928 ne masu haƙar kuza suka tono wani mutum-mutumi na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu. A 1943 kuma aka samu wani kan mutum na yumɓu kusa da Jama'a, har wani ya kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye. Da kan ya kai hannun Bernard Fagg, wani ma'aikacin gwamnati a Jos, sai ya lura aikinsu iri ɗaya ne, ya sa wa al'ummar da ta yi su sunan Nok. Wannan bincike yana cikin dalilan buɗe Gidan Ajiye Kayan Tarihi na Jos a 1952.

Mutanen Nok sun rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Manoma ne, suna shuka gero, kuma a Taruga an gano wuraren da suke narkar da tama su fitar da ƙarfe. Ba su bar rubutu ba. Saboda haka ƙasar da ta binne kayansu ita kaɗai ce ke riƙe da labarinsu.

To, a nan ne ɓarnar take. Tun wajen 1993 aka yi ta haƙar ɓoye a wannan yanki, dillalai suna sayen kayan da arha, suna fitar da su Turai a asirce. Mai haƙar ɓoye kan mutum-mutumin kawai yake nema. Gawayi da tsingaro da ƙwayoyin hatsin da ke gefensa sai ya watsar. Alhali kuwa da gawayin nan ne masana ke auna shekarun wurin, da tsingaron kuma suke gane irin zaman mutanen. Abin da aka sace akan yi sa'a a dawo da shi wata rana, amma wurin da aka birkice ba ya gyaruwa har abada.

Doka mai lamba 77 ta 1979 ita ce ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Ta haramta cinikin kayan tarihi ba da izni ba, ta kuma hana fitar da su ƙasashen waje sai da takardar yardar hukumar.

Don haka ana roƙon duk manomin ko mahaƙin da ya ci karo da irin waɗannan kaya ya dakatar da haƙa nan take. Kada ya wanke su, kada ya ɗauke su daga inda suke. Ya sanar da dagaci ko hakimi, su kuma su isar da labari ga gidan tarihi mafi kusa.