Darasin Lafiya: Na'urar da ke Duba Tsokar Zuciya

Jama'ar Isa da Sabon Birni, in mai jego ta fara haki, ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya barci sai a jingine, kada a ce gajiyar haihuwa ce. Wataƙila tsokar zuciyarta ce ta raunana. Binciken likitocin Sakkwato na 2007 ya sami wannan ciwo a kusan haihuwa 1 cikin 100.

A asibiti akan fara da irin hoton da ake yi wa mai ciki. In da hali, sai na'urar MRI, mai aiki da maganaɗisu, ba fiɗa. An inganta ta har tana bambance kumburin tsoka da tabo. Kumburi kan saɓe, tabo kuwa ya zauna ke nan.

Kafin shiga na'urar, a cire warwaro da 'yan kunne, don tana fizgar ƙarfe.