Albasar Kwaɗi a Tukunya

Ba yaron da bai san albasa ba a ƙasar Kabi, gama ana nomanta a fadamun Birnin Kebbi da Argungu, ta Aliero kuwa har Ikko akan kai ta. Amma akwai wata mai kama da ita wadda ba a sa ta a miya, ana ce da ita albasar kwaɗi. Takan tsiro a wuri mai laima, kamar bakin fadamar Rima. Da ruwan farko ya sauka, wajen watan Mayu ko Yuni, sai ta fid da kara mai kauri, bisa kansa furanni farare, kowane da jan zane.

Me ya sa take saurin fure haka? Domin kan nan nata rumbu ne. Abincin da ganyen bara ya tara yana ciki a ajiye, ruwa kaɗai take jira.

In kuna so ku yi ado da ita a ɗaki, ku sami tukunyar ƙasa mai faɗi, ku huda gindinta, ku rufe hudar da katanga. Ku cuɗa ƙasar fadama da rairayi da busasshen taki, ku zuba. To, ku binne albasar, amma ku bar wuyanta a waje. Ku aje ta bakin taga inda haske ke shiga, kuna juya tukunyar bayan kwana biyu ko uku, don kada karan ya karkace wajen rana.

Wajen ban ruwa ne yara suka fi yin ɓarna. Ko da yake tsiron fadama ce, in ruwa ya kwanta cikin tukunya sai kan ya ruɓe. Ku taɓa ƙasar da yatsa, in ta fara bushewa ku ba ta.

In fure ya yi yaushi ku yanke karan, amma kada ku taɓa ganyen, shi ke cika rumbun baɗi. Da hunturu ganyen zai bushe. Ba mutuwa ta yi ba, hutawa take yi. Ku daina ba ta ruwa sai bazara ta ƙarato.

Ku lura, albasar nan tana da dafi. Kada a aje ta kusa da madafa, kada kuma ku bar ƙannenku su kai ta baka. Wanda ya taɓa ta ya wanke hannunsa kafin ya ci abinci.