Shawarwari Kan Yaƙi da Kirikiri, Tofa da Aya-aya a Gona da Bayan Gida

Duk manomin 'Yankuzo ya san ciyawar da ake nomewa yau, bayan kwana goma ta sake leƙowa kore shar. Kirikiri ke nan, da tofa, da aya-aya. Ransu yana cikin saiwar da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa fartanya ba ta gamawa da su. Turawan Ingila ma suna fama da irin wannan: wani tsiro da aka kai musu daga Japan don ado wajen 1850 ya gagare su, har dokarsu ta 1981 ta hana shuka shi a daji. Ga abin da ke aiki a wajenmu.

1. A yi yaƙin da rani. A watan Maris da Afrilu, lokacin da rana ke dukan ƙasa, a sa magirbi ko garma a kafce wurin da zurfi, a birkito saiwar sama. Saiwar tofa fara ce, mai gaɓa-gaɓa, bakinta da tsini har yana huda rogo da dankali. Aya-aya kuwa 'ya'ya gare ta baƙaƙe, a jere da siririn zare tsakaninsu. A bar su su sha rana mako biyu, a sake juyawa. Wannan aikin shi ne uwa uba, kuma shi ne aka fi yi wa ƙyuya.

2. A tsince, a ƙone. Guntun saiwa mai gaɓa ɗaya ya isa ya tayar da sabon gindi. Kada a zuba a juji ko cikin takin da za a kai gona, domin da hannunka za ka mayar da ita.

3. A yi hattara da tarakta da damina. Idan faifanta ya daddatsa saiwar a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya shuka ta ke nan ko'ina. In an yi hayar tarakta ko garmar shanu daga wata gona, a kakkaɓe ƙasar da ke jikinta kafin ta shigo.

4. Kada a cinna wa tofa wuta da sunan kashe ta. Ganyen ne kawai ke ƙonewa, sai ta toho da ƙarfi, ta yi fure, iska ta watsa irin.

5. A hana su rana. Dukkansu ukun ba sa jure inuwa. Bayan kaftu, a shuka abin da ke rufe ƙasa da wuri, kuma a matse shukar: wake mai yaɗo irin kanannado, kabewa, ko dankalin Hausa. A ƙaramin lambu na bayan gida, baƙar leda mai kauri da aka danne da duwatsu tsawon damina tana raunana su sosai.

6. In za a yi feshi, a nemi mai sinadarin gilifosat, wanda ke bin ganye ya gangara saiwa. Mai ƙone ganye nan take yana burge ido, amma saiwar tana nan lafiya lau. A fesa sa'ad da ciyawar take kore tana girma, ba iska, ba hadari. A haɗa da ruwa mai tsabta, domin ruwan kududdufi mai laka yana kashe ƙarfin maganin. Kada a kafce sai bayan mako biyu. A saya a shagon da aka sani a Tsafe ko Gusau, a duba lambar NAFDAC, a rufe hanci, a rufe hannuwa lokacin feshi. Abin da ya fi damuna shi ne jarkar da ta ƙare: don Allah a huda ta a binne, kada yara su ɗebi ruwa da ita.

7. Ba ko'ina ake cire su ba. Kirikiri na riƙe bakin kwazazzabo da gaɓar rafi, kamar a fadamun Gulbin Sakkwato wajen Bunguɗu, dabbobi kuma na cin ta. Tofa ana jinka da ita. A bar musu gefe, a haƙa ɗan rami tsakaninsu da shuka, ana datse duk saiwar da ta ƙetaro.

8. A yi magana da maƙwabcin gona, ku kafce iyaka tare, in da hali da gayya. Kuma a sa rai da damina biyu zuwa uku ana bin wurin kafin ya dawo hannu.