Wakilin Ɓoye da Wasiƙa Mai Hatimi

Da yawa daga cikinmu, in mun gama koyon aikin malanta, za a danƙa mana ɗakin kwamfuta na makaranta. Saboda haka ya kamata mu san wani ma'aikaci da ke zaune can, wanda ido ba ya gani.

Sa'ad da yaro ya nemi wani shafi a intanet, tsammani ya ke saƙonsa ya tafi sosai inda ya aika. Ashe a bakin ƙofa akwai na'ura mai tare saƙon, ta karanta, ta je ta ɗauko shafin ta miƙa masa. Ita ce wakilin ɓoye, gama ba a taɓa kome a kwamfutar yaron ba, bai kuwa san da ita ba. Manhajar da ta yi suna wajen wannan aiki ita ce Squid, wadda ta fito a 1996. Takan ajiye abin da ta ɗauko, in wani yaro ya nema ba sai an sake ɗaukowa ba, takan kuma hana shafukan banza.

To, duk wannan sai in saƙon a buɗe ya ke, watau HTTP, kamar katin gidan waya da kowane masinja ke iya karantawa. Amma a 1995 kamfanin Netscape ya fito da dabarar kulle saƙo, aka sami HTTPS. Tun da Let's Encrypt ta fara ba da takardar shaida kyauta a 2015, yawancin shafuka sun koma wasiƙa mai hatimi. Wakili yana ganin sunan gidan da aka rubuta a bayan ambulan, abin da ke ciki kuwa sam. Yana iya hana gidan ɗungum, amma ba ya iya zaɓen shafi guda, balle ya ajiye.

In lalle sai ya buɗe, tilas ya yi shigar burtu, ya nuna takardar shaida ta kansa kamar shi ne mai gidan. Kwamfuta kuwa sai ta yi gargaɗi, in ba an riga an sa mata takardar wakilin ba. In an sa, har asirin ajiyar bankin malamai yana gani. Ni dai ina shakkar ɗaukar wannan amana a makaranta. Ko gwamnati ba a bar ta ba: a 2019 ta Kazakistan ta umurci mutane su sa irin wannan takarda, Mozilla da Google suka toshe ta cikin manhajojinsu.