Yadda Ake Kare Hoton Sama Daga Ƙyallin Rana

Ƙananan jiragen nan marasa matuƙi masu ɗauke da kyamara sun shiga aikin malaman gona, da 'yan safiyo, da masu duba ɓarnar ambaliya, har da masu ɗaukar hoton hawan salla. Amma sau da yawa akan sauko da jirgi a tarar rufin kwano, da ruwan kogi, da yashi duk sun koma fari fat, ba a bambanta komai. Masu sana'ar sukan ce hoton ya ƙone. Batirin jirgin kuwa galibi bai fi rabin sa'a a sama ba, kuma ambaliyar da aka je dubawa ba za ta jira a sake tashi ba.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara riƙewa shi ne, wurin da ya yi duhu a hoto ana iya haskaka shi daga baya a kwamfuta, amma wurin da ya ƙone babu abin da ya rage a cikinsa da za a gyara. Saboda haka a auna haske da wurin da ya fi ƙyalli, ko da sauran hoton zai ɗan dushe.

Nijeriya tana tsakanin digiri 4 da 14 arewa da ikwaita, wato da tsakar rana hasken yakan sauko kusan daga tsakar ka, ya bugi kwano ko ruwa ya komo cikin idon kyamara. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, ko bayan la'asar. A juya jirgi yadda rana za ta kasance a bayansa ko a gefe, a kuma sunkuyar da kyamara kaɗan don rage sararin sama. 'Yan safiyo su kam sun fi son kusa da tsakar rana, domin inuwa gajera ce, ba ta rufe iyakar fili.

Sa'an nan sai saitin kyamara. A bar ma'aunin ISO a kan 100, a ƙara saurin ƙiftawar kyamara har farin ya ragu. Yawancin ƙananan jiragen ba a iya tsuke ƙofar haskensu, don haka akan ɗaura musu baƙin gilashi mai suna ND, kamar tabarau. ND8 yana barin kashi ɗaya cikin takwas na haske ya wuce, ND16 kashi ɗaya cikin sha shida, haka har ND32 da ND64. Mai ɗaukar bidiyo shi ya fi bukatarsa: in yana ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa, ƙiftawar da ake so ita ce 1/50, wadda da tsakar rana ba ta yiwuwa sai da gilashin. Mai aikin taswira kuwa gara ya bar shi a aljihu, domin yana jinkirta ƙiftawa, jirgi na tafiya hoto ya yi dishi-dishi.

Gilashin ND rage haske kawai yake yi, ba ya kawar da ƙyalli. Wannan aikin wani gilashi ne dabam mai lamba CPL, wanda yake tace hasken da ya komo daga ruwa ko ganye, kuma ya fi aiki in rana tana gefe. Ana murɗa shi a daidaita tun a ƙasa, tun da ba hannun da zai kai gare shi a sama. A kan tafkin Kainji yana da amfani ƙwarai, amma kada a sa ran zai yi maganin walƙiyar sabon kwano, domin ƙarfe tsirara ba ya jin wannan tacewa sosai.

Kada a amince da allon waya a tsakar rana, ido yana ruɗuwa. A kunna alamar ratsi-ratsi mai nuna inda ya ƙone, a rage haske har ratsin ya bar abin da aka zo ɗauka. A adana hoton a tsarin RAW, wanda ya fi JPEG karɓar gyara. Da hunturu kuma a goge ƙurar da ta hau gilashi kafin kowane tashi, domin ita ma tana watsa haske, hoto ya fito kamar an shafa masa toka.