Mai ba ya zama tsoka a jikin kaza

A wani ƙauyen Hausawa tsakanin Maiurno da Sinja, wani magidanci ya zuba buroila a bazarar bana da kuɗin da 'yan'uwansa suka haɗa masa bayan yaƙi ya raba shi da sana'arsa. Tsakin masu kyau ne, rigakafi bai tsallake ko ɗaya ba. A buhun abinci aka cuce shi. Tun da faɗa ya ɓarke a Khartum a Afrilun 2023, Madani ma ta faɗi a Disambar 2023, murakkaz, wato haɗin sinadaran gina jiki da ake saya a zuba a abincin kaji, ya yi tsada, wani lokacin ma babu shi. Sai wani mai shagon magani, wanda bai taɓa haɗa abincin kaji bisa lissafi ba, ya ce masa ya rage murakkaz zuwa rabi, ya rage ambaz, wato tunkuzar gyaɗa ko riɗi, ya cike gurbin da dusar alkama, wai ai ciki ne, ya cika kawai. Mako uku kajin suna ci kamar ba gobe, suna zawo, ba sa tashi. Da ya koma da kuka, sai mutumin ya ce ƙarfi ne suka rasa, a zuba musu mai. Man da aka samu shi ne wanda masu suyar ta'amiyya, wato ƙosan Sudan, suka gama da shi, baƙi, mai maƙaƙi. Aka yi ta kwarara shi da gwangwani babu awo. Kajin sun ɗan yi nauyi, gaskiya ne. Amma da aka yanka a mako na bakwai, ƙashin ƙirji a tsaye yake kamar wuƙa, kitse ya naɗe ƙundu da hanji, hanta ta koɗe tana marmashewa a hannu. Mai gidan abincin da ya yi alkawarin saye ya gasa biyu, ya ga rabinsu ya tsiyaye cikin garwashi, ya fasa cinikin.

Abin da ke ba ni haushi shi ne kuskure biyu aka yi masu kishiyantar juna, daga bakin mutum ɗaya, kuma tushensu ɗaya: ɗaukar kuzarin abinci a matsayin abin da ke tafiya shi kaɗai. Buroila irin su Ross da Cobb suna son kusan kilokalori 3,000 a kilon abinci da furotin kashi 22 zuwa 23 cikin ɗari a farko, sannan wajen 3,200 da furotin kashi 19 zuwa 20 a ƙarshe. Lambobin nan biyu tare suke tafiya. Dawarmu feterita tana da kuzari da ya kusa na masara, saboda haka mai kiwo a Jazira ya fara da sa'a. Dusar alkama kuwa a cikin kaza ba ta kai 2,000 ba. Ɗan tsako cikinsa ƙarami ne, idan an tsinka masa abinci da dusa, ya ƙoshi bai samu abin da yake nema ba, sai jiki ya ƙona ɗan furotin ɗin da ya samu a madadin ya gina tsoka da shi. Abin da aka rasa a makonnin farko ba ya dawowa duka. Daga baya da aka tura kuzarin sama da mai, wanda ya haura 8,000, kajin suka rage ci, furotin ɗin da dama bai isa ba ya ƙara raguwa, rarar kuzarin ta tafi inda take tafiya kullum, wato kitsen ciki da hanta. Dawa ba ta da laisin isasshe, ambaz na gyaɗa ya gaza a laisin da metiyonin, na riɗi ya gaza a laisin. Kashi 5 cikin ɗari na murakkaz da ake rainawa shi ke toshe waɗannan ramuka. Wanda ya raba shi biyu ya yanke naman ƙirji tun kafin ya fito.

Za a ce ai ƙwararru ma suna cewa a sa mai lokacin zafi. Haka ne, kuma ni ma ina cewa a sa. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Sinnar, kaza tana haki ta ƙi ci, kuma mai ba ya tayar da zafin jiki wajen narkewa kamar yadda furotin da sitaci ke yi. Amma kashi biyu ko uku ake nufi, a auna a sikeli, mai tsabta, a kuma ɗaga laisin da metiyonin tare da shi. Man suya da ya ƙone wani abu ne daban: yana lalata bitamin A da E a cikin abincin, yana gurɓata hanji, naman kuma ba ya jimawa a firij sai ya canja wari. Za a kuma ce kajin gida suna tsince a bola su rayu. Kazar gida wata shida take ɗauka, ba ta ci bashin kowa ba. Buroila an ƙera ta ne ta kai kusan kilo 2 cikin kwana 35, kowace rana da ta ƙara a ɗaki kuɗinka take ci.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta rashin kuɗi, kuma ba na raina ta, domin abinci shi ke cinye kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwo. Sai dai lissafin da ake yi karkatacce ne. Ana duba farashin buhu, alhali abin dubawa shi ne kilo nawa na abinci ya ba da kilo ɗaya na nama. Idan aljihu ya gaza, akwai hanyar da ta dace: a sauke kuzari da furotin tare, kaɗan, a yarda kajin su ƙara 'yan kwanaki, ko a zuba tsaki ɗari uku a ciyar da su daidai maimakon ɗari biyar da yunwa. Masu cewa kitse ma kilo ne a sikeli, sau ɗaya mai saye ke ruɗuwa.

Kada a taɓa murakkaz. Kada a cika abincin tsaki da dusa. Kada a auna mai da ido. Mai shagon magani ba mai haɗa abinci ba ne, ko da ya sa farar riga.

Sannan a shinshina ambaz kafin a biya, wanda ya sha danshin damina ya yi fumfuna yana ɗauke da gubar afalatoksin, ita ma hanta take ci. Jar dawa mai ɗaci kuzarinta bai kai na feterita ba, kada a musanya su buhu da buhu. A yanka kaza ɗaya a mako na huɗu a duba cikinta, idan kitse ya rufe ƙundu ƙirji kuma bai cika ba, a gyara haɗin a ranar, kuma man ta'amiyyar nan a bar shi a kaskonsa.