Ɗana, kafin ka sayi mastan birki

Ɗana, na ji kana shirin haɗa birkin motar tserenku, har kana cewa za ka sa babban masta, wato silindar da ke tura man birki, don birki ya ƙara kamawa. Dakata tukuna. A wannan aiki, ƙaramin ne ke ba da ƙarfi.

Ga lissafin. Direba ya taka feda da ƙarfin fam 100, fedar kuma tana ninka shi sau 6, ya zama 600. Motar tsere masta biyu take ɗauka, na gaba da na baya, to kowanne ya sami 300. In faɗin bakin mastan inci 3/4 ne, matsin man zai kai kusan psi 680. In ka sa na inci 7/8, sai ya sauko kusa da 500. Na inci 5/8 kuwa yana dab da 980. Ƙafa ɗaya ce, ƙarfi ɗaya ne, faɗin fistin kawai ya canja. Ka ga tsakanin 3/4 da 7/8 a ido ba wani abu ba ne, amma fuskar fistin ta ƙaru da fiye da kashi ɗaya cikin uku.

Sai dai ƙaramin ma ba kyauta yake bayarwa ba. Man da yake turawa kaɗan ne, don haka fedar za ta yi nisa kafin birki ya kama, in ya yi zafi kuma ta ƙara laushi. Babban zai ba ka feda mai tauri wadda direba zai yaba a gareji, amma ƙafarsa za ta gaji kafin tsere ya ƙare. Waɗannan motoci galibi ba su da busta mai taimaka wa ƙafa irin na motocin gida.

Yanzu maganar daidaito, wadda ita ce ta fi damuna. In aka taka birki, nauyin mota yakan koma kan tayoyin gaba, na baya su yi sauƙi. Shi ya sa gaba ke ɗaukar kaso mafi yawa na aikin. In tayoyin gaba suka fara kullewa, mota za ta miƙe, direba ya ɗan saki ƙafa ya gyara. In na baya suka riga, gindin motar zai juyo a bakin kwana, kuma wannan ba kowa ke iya ceto ta ba. Don haka sau da yawa za ka ga ƙaramin masta a gaba, babba a baya. Amma kar ka kwafi na wani ido rufe: girman fistin na kalifa mai matse faifai, faɗin faifan birki, irin tayar, da inda injin yake zaune, duk suna cikin lissafin.

Akwai sandar daidaito da ke haɗa masta biyun a bayan feda, irin wadda Tilton da AP Racing da Wilwood ke ƙerawa. Kamar sandar mai ga-ruwa take: ɓangaren da kafaɗa ta matsa kusa da shi, shi ke ɗaukar ƙarfi. Aikinta gyara kaɗan ne, misali in an yi ruwa ko man tanki ya ragu. In ka ga sai ka murɗa ta har ƙarshe kafin mota ta tsaya daidai, to masta ɗaya ba girmansa ba ne, canja shi. Sandar da ta karkace da yawa takan ɗaure, ta hana fistin komawa mazauninsa, birki ya riƙa jan taya.

Ka sa geji a layin gaba da na baya, ka rubuta abin da ka gani. Ka fitar da iska daga layin sosai kafin ka zargi masta. Ranar gwaji kuma ka canja abu ɗaya kawai a lokaci guda, ka saurari direba, kar ka bar motar ta shiga tsere sai ka tabbatar gaba ke fara kullewa. Allah ya yi maka albarka.